Yadda za ka fita daga musayar ziyara ba tare da ka rasa asusun tallarka ba

Duk wanda ya buɗe sabon shafin intanet ya san wannan zaman jiran. Ka yi rubutu, ka wallafa, ka koma duba ƙididdiga, sai ka ga mutum bakwai, uku daga ciki kai ne. A irin wannan lokacin ne mutum yake cin karo da dandalin musayar ziyara, wanda masu bulog ke kira musayar tirafik. Cuɗe ni in cuɗe ka ne: ka buɗe shafukan wasu, agogo ya ƙirga daƙiƙa goma ko ashirin, a ba ka maki, makin kuma a kashe shi wajen turo wasu su buɗe naka. Akwai wanda kai za ka riƙa dannawa da hannu, akwai otosaf, wanda za ka bar kwamfuta a kunne tana ta juya shafuka kana barci. In ba ka da haƙurin tara maki, sai su sayar maka.

Ba zan ɓata lokaci ina roƙon ka kada ka shiga ba. Yawancin waɗanda suka kawo mini wannan matsala sun riga sun shiga, kuma ba shigar ce ta fi cutar da su ba, yadda suka fita ne. Na ɗauka ka san yadda ake buɗe Google Analytics, mai ƙirga maziyartan shafinka, da Search Console, mai nuna waɗanda suka zo daga binciken Google, don haka daga nan za mu tashi.

Fara cire talla, kafin komai

Wannan shi ne mataki na farko, kuma a wurina babu muhawara a kansa. Kafin ka taɓa dandalin musayar, kafin ka rufe komai, cire tallar da ke kan duk shafin da ka miƙa musu adireshinsa. Ƙa'idojin AdSense, shirin Google da ke sa talla a shafinka ya biya ka, sun ambaci irin wannan harka da sunanta: shirye-shiryen biyan mutane don su danna, biyan su don su yi yawo a shafuka, otosaf, da musayar dannawa, duk haramtattun hanyoyin kawo maziyarta ne. Kuma ba sai an danna tallar ba. Bayyanarta kawai a gaban wanda ba don kansa ya zo ba ta isa a lissafa ta cikin ziyarar bogi, tunda akwai masu talla da ke biya bisa yawan gani. Mutane da yawa suna ce mini, "ai ni ban taɓa cewa kowa ya danna ba." Ba wannan ake tambaya ba.

Hukuncin hawa-hawa ne. Ana iya zare kuɗin daga abin da ka tara, ana iya taƙaita yawan tallar da ake nuna maka, ana iya dakatar da asusun na kwana 30, ana kuma iya rufe shi gaba ɗaya a mayar wa masu talla kuɗin da ba a kai ga biyan ka ba. Wanda aka rufe wa asusu ba a yarda ya buɗe wani. Ka tuna sai ka kai dala 100 ake biya, sabon shafi kuwa yakan yi watanni kafin ya kai, ga shi a dare ɗaya an share.

Idan talla mai sanya kanta kake amfani da ita, akwai wurin ware shafukan da ba ka so ta fito a kansu, ka sa adireshin a can. Idan babban shafin gida ka ba su, kamar yadda kusan kowa ke yi, kashe tallar shafin baki ɗaya ya fi mini kwanciyar hankali. Asarar 'yan makonni ba ta kai asarar asusu ba.

Rufe famfon, ba ƙofar ba

A nan ne na ga an fi faɗuwa, ni ma a nan na taɓa faɗuwa. Mutum ya gane kuskurensa, ya rufe manhajar otosaf, ya fita daga dandalin, ya ce ya tuba. Bai san makin da ya tara yana nan yana aiki ba. Dandalin ba ruwansa da ko kana ciki ko ba ka ciki. Muddin adireshinka na cikin jerin juyawa kuma akwai maki a kansa, za a ci gaba da turo maka mutane har makin ya ƙare. Wanda ya bar kwamfuta a kunne mako biyu yana iya tara abin da zai yi wata yana zuba.

Lokacin da abin ya same ni, na daina shiga wani dandali, na jira kwana uku, na ga lambobi sun ragu, na mayar da talla. Ashe ragin daga saitin da na yi ne tun farko na cewa a riƙa sakin ziyara kaɗan-kaɗan a kowace awa don kada ta yi kama da ta bogi. Wayon da na yi shi ya ci ni. Bayan mako guda saƙon taƙaita talla ya iso. Tsugune ba ta ƙare ba.

Ga yadda ake yi. Ka shiga asusunka na dandalin, ka je jerin adireshin da ka sa, ka dakatar da kowanne, sannan ka goge shi. Ka duba sauran wuraren da aka saba mantawa: tallar tuta, tallar rubutu, da abin da suke kira mai juya adireshi, wato mahaɗa ɗaya da ke ɗauke da shafuka da yawa a cikinta. Idan ka taɓa kunna zaɓin da ke raba maki da kansa, kashe shi. Sai bayan duk wannan za ka rufe asusun. Kada ka fara da rufe asusu, domin a wasu dandalin rufewar tana hana ka shiga ne kawai, adireshin kuwa yana nan a jeri, ga shi ba ka da hanyar isa gare shi. Ka ɗauki hoton allo na kowane mataki da kwanan wata a jiki, za ka buƙace shi a gaba.

Makin da ya rage fa? Bar musu. Na san yana da ciwo, musamman in da kuɗinka ka saya, amma tunanin "bari in ƙarasa wanda ya rage" shi ya kai mutane da yawa ga rufe asusu. In ka kasa haƙura, juya shi kan wani shafi guda da babu talla, babu lambar ƙididdiga, kuma ba a kan sunan shafinka na ainihi yake ba. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya samu mai karatu ɗaya ta wannan hanyar ba.

Wani abin da ba a faɗa maka lokacin rajista: wasu dandalin suna musayar jeri da junansu ko su sayar da ziyarar ga dillalai. Shi ya sa za ka iya goge adireshinka a wuri ɗaya, ka ga baƙi na shigowa daga sunayen da ba ka taɓa ji ba.

Idan kuma ka taɓa biyan kuɗi ta kati don ƙarin matsayi, je ka soke biyan wata-wata daga ɓangaren banki ko manhajar biyan, kada ka dogara da maɓallin da ke dandalin. Kuma in an ce ka sayi kunshin talla a ba ka riba a kai, wannan ya wuce musayar ziyara. A 2006 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta tsayar da 12DailyPro, otosaf da ke alƙawarin ribar kashi 12 cikin ɗari kullum na kwana 12. A 2016 ta kai Traffic Monsoon kotu kan sama da dala miliyan 200 da ya tara daga mutane, bisa zargin kuɗin sababbin shiga ake biyan tsofaffi da su. Dukansu da rigar musayar ziyara suka zo.

Tabbatar ya tsaya da gaske

Kada ka yarda da jimillar maziyarta, buɗe rahoton da ke nuna inda suka fito. Alamun ba su da wuyar ganewa in ka san su. Ƙasashen da ba su jin harshen da kake rubutu da shi suna saman jeri. Kowa shafi ɗaya ya buɗe ya tafi. Ziyarar a miƙe take dare da rana, alhali mutanen gaske suna barci, suna tashi, layinsu hawa da sauka yake. Girman allo iri ɗaya ya yi yawa. Babu wanda ya gangara ƙasan rubutu, abin da Analytics ke rubutawa da kansa idan mutum ya kai kashi 90 na shafin.

Akwai tarko biyu a nan. Na farko, tun da aka koma sabon Analytics a watan Yulin 2023, ana ɗaukar ziyara a matsayin mai ma'ana idan ta wuce daƙiƙa 10, ko an buɗe shafi biyu, ko an yi wani abin da ka ware a matsayin muhimmi. Agogon dandalin musayar kuwa sau da yawa ya wuce daƙiƙa 10. Don haka mutumin da ke jiran agogo ya cika, idonsa na kan wani abu daban, zai iya fito maka a matsayin mai karatu na ƙwarai. Ana iya ɗaga wannan ma'auni har daƙiƙa 60 a saiti. Ni a 30 nake barin nawa, kuma ina ganin kowa ma ya kamata.

Na biyu, da yawa daga cikin masu otosaf suna ɓoye inda ziyarar ta fito, ta bayyana kamar an rubuto adireshinka kai tsaye, ko ma a yi mata rigar Google ko Facebook. Maganin wannan Search Console ne. Idan Analytics ya ce mutum dubu sun zo daga binciken Google, Search Console kuma ya nuna dannawa arba'in, ka san inda gaskiya take. Wannan kwatancen shi ne kuma amsar masu cewa musayar tana ɗaga shafi a sakamakon bincike. Ziyarar ba ta bi ta binciken ba, kuma Google ya sha faɗa cewa ba ya amfani da bayanan Analytics wajen jera shafuka. A da akwai masu yi don matsayin Alexa, wani shafi da ke jera shafuka bisa yawan maziyarta, to an rufe wannan tun 1 ga Mayun 2022.

Kuskuren da nake gani kusan kullum shi ne mutum ya je saitin Analytics, ya sa sunan dandalin a jerin masu turowa da ba a so, ya ga sunan ya ɓace, ya yi ajiyar zuciya. Wannan saitin ba ya tare kowa. Sunan kawai yake cirewa, ziyarar ta koma cikin ta kai tsaye, ta gauraye da mutanenka na gaske yadda ba za ka ƙara iya rarrabewa ba. Ka rufe idonka ne, su kuwa suna ta shigowa, talla na ta bayyana musu. Bar sunan a fili har sai ya mutu da kansa.

Tare ragowar

Yawancin dandalin dannawa da hannu suna nuna shafinka ne a cikin firam, wato taga a cikin nasu shafin, agogonsu a sama. Ka sa umarnin X-Frame-Options a kan SAMEORIGIN a sabarka, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafinka, burauza za ta ƙi buɗe shafinka a cikin na wani. Idan kana bayan Cloudflare, kamfanin da ke tsayawa tsakanin shafinka da maziyarta, ko a tsarin kyauta za ka iya rubuta doka ta tare duk wanda ya fito daga sunan da ka gani a rahoto. Waɗanda sabarsu ke aiki da manhajar Apache su yi a fayil ɗin .htaccess. Masu Blogger, dandalin bulog na Google, ba su da ikon taɓa saba, nasu sai cire talla da haƙuri. Wannan ba zai kama masu ɓoye asali ba, amma yana rage nauyi, kuma a ƙaramin hostin na haɗaka, inda shafuka da yawa ke raba saba ɗaya, nauyin ba wasa ba ne, shi ne ke jawo shafi ya riƙa faɗuwa da saƙon an ƙure iyaka.

Kwamfutar da ka yi otosaf da ita ta buɗe dubban shafukan da ba ka zaɓa ba. Cire manhajar da duk wani ƙari da suka sa ka ɗora a burauza, yi binciken ƙwayar cuta cikakke, canza kalmomin sirrin shafi da na imel daga wata na'urar.

Mayar da talla

Ina jira sai na ga mako biyu cur babu alamar komai. Babu wata doka da ta ce haka, tsarina ne. Bayanan da suka riga suka shiga Analytics tacewa ba ta komawa baya ta goge su, sai dai ka rubuta ranar farawa da ta ƙarewa, ka riƙa ware wannan tsakanin a duk kwatancen da za ka yi. In kana da lambar bibiya ta Facebook a shafin, wadda ke tara jerin maziyarta don a nuna musu talla daga baya, jerin mutanen da ta tara a lokacin ya gurɓace, sake sabo kafin ka kashe kuɗi kana bin su da talla.

Idan an riga an rufe asusun, akwai fom ɗin ɗaukaka ƙara. Kada ka ce ba ka san komai ba, suna ganin abin da ya fi naka yawa. Faɗi dandalin, ranar da ka fara, ranar da ka goge adireshin, matakan tarewar da ka ɗauka, da abin da hotunan allo da rajistar sabarka suka nuna. Idan taƙaita talla kawai aka yi, babu abin cikawa, kada ka yi ta cirewa da mayar da lambar talla ko ka buɗe sabon asusu da sunan wani. Ci gaba da wallafawa, ka riƙa duba rahoton inda maziyarta ke fitowa kowace safiya har a ɗage.