Yadda nake rarrabe bayanan manoma da Python

Ƙungiyarmu ta manoman shinkafa a Argungu tana ajiye bayanan mambobi a fayil ɗin rubutu zalla. Kowane manomi layi uku gare shi: Suna, Gari, Buhu, kowanne da alamar `:` tsakaninsa da bayaninsa, sai layin da babu komai kafin na gaba.

A Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, ka buɗe fayil ɗin da `encoding="utf-8"`, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ na iya komawa shirme.

Wajen yanka rubutun ne aikin yake. Da farko `split("\n\n")` na yi amfani da shi, sai ga manoma biyu sun haɗe, buhunan na biyu sun danne na farko. Ashe mai buga bayanan ya bar tazara guda a layin da nake zaton fanko ne, abin da ido ba ya gani. Wuni guda na ɓata a kai! Yanzu haka nake yi bayan `import re`, `rubutu` kuwa shi ne abin da na karanto daga fayil ɗin:

`re.split(r"\n\s*\n", rubutu.strip())`

Wannan ya kan haɗiye tazarar, har da layukan banza biyu ko uku a jere.

Sai ka bi kowane gungu, wato bayanan manomi guda, layi-layi da `partition(":")`. Na fi son sa domin a alamar farko kawai yake yanka, lokaci irin 10:30 ba ya tsagewa. Ka cire tazarar da ke gefen kowane bayani da `strip()`, ka mayar da adadin buhu lamba da `int`, ka ajiye bayanan manomin a ƙamus (dict) mai suna `m`.

Daga nan ka jera manoman ƙarƙashin garuruwa a wani ƙamus mai suna `gari`, wanda ya fara fanko:

`gari.setdefault(m["Gari"], []).append(m)`

Ka kira `gari["Augie"]`, duk manoman can za su fito.