Yadda Ake Gane Hannun Girkawa da Rumawa a Gine-ginen Amurka

Ba sai mutum ya je birnin Washington ba, takardun dala sun isa a fara koyo. A bayan dala 5 akwai ginin tunawa da Lincoln, tsohon shugaban Amurka, a bayan dala 10 Ma'aikatar Baitulmali, a bayan dala 20 fadar White House, a bayan dala 50 kuma Majalisar Dokoki. Duka huɗun an aro fasalinsu ne daga gine-ginen Girka da Rum na dā. Zanen jikin kuɗi ya yi ƙanƙanta, saboda haka nemo hoton kowane gini wanda aka ɗauka daga gaba sak, ka tanadi rula da fensir.

Fara da kan ginshiƙi, domin a nan ne salon yake bayyana. In ka ga zagayayyen dutse da wani mai kusurwa huɗu a samansa, babu wani ado, Dorik ke nan. In kan ya naɗe hagu da dama kamar ƙahon rago, Iyonik ne. In kuwa ganyaye ne aka sassaƙa hawa biyu, sun lulluɓe kan, to Korintiyan ne. A nan masu koyo suka fi tuntuɓe: kan Korintiyan ma yana da 'yan ƙananan naɗe-naɗe a kusurwoyinsa, sai mutum ya gan su ya ce Iyonik. Duba ganye tukuna. Muddin akwai jerin ganye, ba Iyonik ba ne.

Daga nan sai awo. Auna faɗin ginshiƙin a gindinsa, auna tsayinsa tun daga ƙasa har ƙarshen kai, ka raba tsayin da faɗin. Dorik na Girkawa yakan ba da wajen 5 zuwa 6, Iyonik wajen 9, Korintiyan wajen 10. Gwada da ginin Lincoln, wanda aka buɗe a 1922: ginshiƙansa 36 na kewaye, kowanne ƙafa 44 ne a tsaye, ƙafa 7 da rabi a gindi, lissafin ya tashi kusan 6. Abu biyu ke ɓata wannan awo. Ginshiƙi yana sirancewa in ya doshi sama, don haka wanda ya auna faɗi a wuya zai sami adadin da ya zarce gaskiya. Hoton da aka ɗauka daga gindin gini ana kallon sama kuma yana gajarce tsayi, har Iyonik ya fito da lissafin Dorik.

Sauko da ido ƙasa. Dorik na Girkawa ba shi da gindin zama, a kan daɓe yake tsaye kai tsaye, kuma tsage-tsagen jikinsa 20 ne, suna haɗuwa a kaifi. Na Iyonik da Korintiyan yawanci 24 ne, da siririn fili tsakanin tsagi da tsagi. Rashin tsagi kaɗai ba ya yanke hukunci, domin ginshiƙan ginin 1943 na tunawa da Jefferson, tsohon shugaban Amurka kuma mai zanen gine-gine, sumul suke, amma kawunansu Iyonik ne.

Aikin da ya fi daɗi, kuma ya fi muhimmanci, shi ne raba na Girka da na Rum, domin Rumawa ma aro suka yi. Ginin ibadar Girkawa yana zaune ne a kan matattakala kaɗan da suka zagaye shi, ginshiƙai kuma sun kewaye shi ta ko'ina. Haka Parthenon na birnin Athens yake, 8 a gaba, 17 a gefe, kuma birnin Nashville ya gina kwafinsa daidai girmansa a 1897, daga baya aka sake shi da kankare. Rumawa kuwa sukan ɗora gini a kan dogon dakali, su sa matattakala a gaba kaɗai, su tara ginshiƙai a ƙofar shiga. Dubi Kotun Ƙoli ta Amurka, wadda aka kammala a 1935: doguwar matattakala a gaba, sai ginshiƙan Korintiyan 16 a layi biyu. Wannan tsarin Rum ne. Duk inda ka ga ƙubba ko baka, nan ma hannun Rumawa ne, kuma uwar ƙubbobin ita ce ta ginin Pantheon da ke birnin Rum, mai faɗin mita 43 da ɗoriya. Jefferson ya kwaikwaye ta a rabin girmanta a Jami'ar Virginia. Kada farin fenti ya ruɗe ka a kan ƙubbar Majalisa, wadda aka gama a 1866: ta zubin ƙarfe ce, ba dutse ba.

Kada kuma ka nemi kwafi tsantsa a kowane gini, domin a wuraren da aka saɓa wa asali ne ake ganin tunanin magina. Ginin Lincoln Dorik ne, amma ba shi da rufin nan mai kusurwa uku na gaban Parthenon, kuma sunayen jihohi aka rubuta a saman ginshiƙansa, adadin 36 ɗin ma yawan jihohi ne a lokacin rasuwar Lincoln a 1865. Majalisar jihar Virginia, wadda aka aza tubalinta a 1785, an ɗauko ta ne daga wani ginin Rumawa da ke Nîmes a Faransa. Asalin Korintiyan ne, amma Jefferson ya mai da shi Iyonik saboda sassaƙa ganye zai yi wa masassaƙan ƙasarsa wuya a lokacin. Mai zanen gine-gine Benjamin Latrobe ya fi shi nisa: a cikin ginin Majalisa ya sa kawunan ginshiƙai na masara a 1809, daga baya ya ƙara na ganyen taba. In ka ci karo da irin waɗannan, koma ga rula da tsage-tsagen jiki, ka rubuta salon da awon ya nuna, sannan ka ƙara da sunan shukar da aka sa a madadin ganyen asali.