Yadda Ake Kallon Zanen Mace Mai Sana'ar Kifi

Ranar da na fara tsayawa gaban zanen wata mai bandar kifi ta gaɓar tekun Legas, a ɗakin aikin wani ɗalibin zane nan Samaru, "Allah sarki" ne ya fara fitowa daga bakina. Daga baya na gane na yi garaje. Mu 'yan Zariya teku sai dai labari, kifin ma sai ya iso Sabon Gari a ƙyafe muke ganinsa, shi ya sa tausayi ke riga mu gani.

Ga yadda nake yi yanzu. Ka ja da baya taku uku, ka yi shiru. Kada ka karanta sunan zanen tukuna.

Fara da hannuwa, fuska ta jira. Dubi kaurin yatsu, da kantar tafi, da farcen da ruwan gishiri ya cinye, da tabon da ƙayar kifi ta bari. Duk wanda ya taɓa lura da hannun mai dakau a cikin birni ya san irinsa. In mai zanen ya goge su sun yi sumul kamar na amarya, ya ɓoye maka rabin rayuwar matar. Wannan salo na zana mutum yadda yake, ba kwalliya, shi mai zane Gustave Courbet ya tsaya wa a Faransa, har ya kafa rumfar baje kolin kansa a Faris a 1855.

Sai wuya da kafaɗa: shekarun gammo da kwando suna nan a tsayuwarta.

Ido ne ke yaudara. Ƙanƙance ido ba lallai baƙin ciki ba ne. Ƙyallin rana a kan ruwa da hayaƙin banda suna sa haka. Ka lura ina take kallo. In kai take kallo, a matsayin mai ciniki ta ɗauke ka. In ta zarce ka, wataƙila kwale-kwale take jira, kamar matan Cullercoats, ƙauyen masunta a Ingila, da mai zane Ba'amurke Winslow Homer ya zana a 1881, suna ɗinkin koma suna dakon masunta.

Daga nan ka bi haske, don inda mai zane ya zuba shi nan zuciyarsa take. A wancan zanen na Samaru, sai da na koma karo na biyu na ga ba a fuskarta hasken ya sauka ba. Yana kan bakin zanen da ta ɗaura, inda ta ƙulle cinikin ranar, ta ɗora hannu a kai.