Kifin ado ya kwanta ciwo dare ɗaya? Duba ruwan kafin ka sayi magani

Ka kwanta kifayenka lafiya lau, da asuba ka leƙa tankin gilashin ka tarar sun taru a saman ruwa suna ta buɗe baki, ɗaya kuma ya kife a ƙasa. Abin da yawancinmu ke yi shi ne mu garzaya wurin mai sayar da kifi, ya miƙo kwalbar magani shuɗi, mu dawo mu tsiyaya. Ni ma na yi haka a tankina na farko, kifayen suka ci gaba da mutuwa ɗaya bayan ɗaya a cikin ruwa shuɗi. Ashe ba cuta ba ce. Ruwan ne ya zame musu guba, kuma da hannuna na ja musu.

Kifi yana fitar da amoniya, wani sinadari mai guba, ta kunnuwan da yake numfashi da su, kashinsa da ragowar abinci ma in sun ruɓe amoniya suke zama. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a soson matata (na'urar tace ruwan tankin) da jikin tsakuwa su ke mai da ita naitirait, wasu kuma su mai da naitirait ɗin naitiret, wanda illarsa ba ta kai ta biyun farko ba. Kafin waɗannan ƙwayoyi su kafu a sabon tanki ana ɗaukar mako 4 zuwa 6. To ka ga wanda ya sayi tanki da safe, ya zuba kifi goma da yamma, ya saka su ne a ɗakin da babu mai kwashe shara. A fara da kifi biyu ko uku, a riƙa ƙarawa sannu a hankali.

Nawa kuskuren na tsabta ne. Na ga soson matata ya yi dauɗa, na kai shi bakin famfo na wanke shi tas, har da sabulu, na kwashe ruwan tankin duka na zuba sabo. Na ji daɗin ganin gilashi yana ƙyalli, ban san na kashe ma'aikatan gidan ba. Soso ba a wanke shi sai a cikin ruwan da aka ɗebo daga tankin: a matse shi sau biyu ko uku a bokiti, a mayar. Sabulu kuwa ko kusa. Ruwa ma kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ake canzawa duk mako.

Kada hasken ruwa ya ruɗe ka, amoniya da naitirait ba su da launi. Kayan gwajin ruwa kaɗai ke nuna su, kuma kuɗinsu bai kai na kifin da za ka rasa ba. Amoniya da naitirait sifiri ake so a gani, naitiret kuma kada ya wuce miligiram 40 a lita. In gwaji ya nuna matsala, ko ba ka da abin gwajin amma kifi na haki, canza rabin ruwan da wanda zafinsa ya yi daidai da na tankin, ka daina ba da abinci kwana biyu, ka ƙara iska. Lafiyayyen kifi ba ya mutuwa don yunwar kwana biyu. Yawan abinci ne ma ke kashe shi, musamman a gidan da kowane yaro ya wuce sai ya barbaɗa. Abin da za su cinye cikin minti biyu ya isa.

Sai batun inda ruwan ya fito. Ruwan famfo yana iya zuwa da kulorin, wanda ke ƙone kunnuwan kifi ya kuma kashe bakteriyar matata. In aka bar shi a buɗaɗɗen bokiti kwana ɗaya kulorin yakan fita, amma ɗan'uwansa kuloramin ba ya fita ta haka, sai da ɗigon maganin cire kulorin. Ruwan rijiyar burtsatse ba shi da wannan matsala, sai dai yakan fito da ƙarancin iskar oksijin, don haka shi ma a bar shi ya sha iska kafin a zuba.

Lokacin bazara abubuwa biyu ke haɗuwa: ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin sosai, ga ɗauke wuta. Famfon iska ya tsaya, matata ta tsaya, cikin 'yan sa'o'i kifi ya fara haki. Ƙaramin famfon iska mai batir yana ceton tanki. In babu, ɗebi ruwan da kofi ka riƙa kwararo shi daga sama lokaci-lokaci. Wani abin da ba a kawo shi a rai shi ne maganin sauro na feshi. Kaɗan daga cikinsa ya isa ya gama da tanki. Kafin a fesa, a rufe tankin ruf, a kashe famfon iska don kada ya zuƙo gubar ya tura cikin ruwa, a kunna bayan ɗakin ya sha iska.

Wani lokacin dai cutar ce da gaske. Da hunturu, in ruwa ya yi sanyi cikin dare, kifaye irin su gupi da moli, masu son digiri 24 zuwa 27, sukan yi rauni, sai ka ga fararen ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa musu gishiri, suna goga jiki da duwatsu. Ƙwayar cutar tana ɓoye ne ƙarƙashin fata inda magani ba ya kai mata, sai ta faɗo ƙasa ta hayayyafa, 'ya'yan sun fito yawo, sannan yake kama su. Shi ya sa mai daina magani ranar da ɗigon ya ɓace yake ganin ya dawo. A ci gaba na wasu kwanaki bayan ɗigo na ƙarshe. A kuma cire gawayin da ke cikin matata, in ba haka ba shi zai shanye maganin. Kada a haɗa magani biyu don gaggawa, kuma a yi hattara da gishiri in akwai kifi marar ɓawo, dangin tarwaɗa, don ba sa jure shi sosai.

Yawanci sabon kifi ne ke shigo da wannan cuta. Ware shi a ƙaramin tanki mako 2 zuwa 4 kafin ya haɗu da sauran, ruwan ledar da aka sayo shi a ciki kuma a zubar da shi a waje.