Kurakuran da malaman makarantar Lahadi ke yi wajen koya wa yara shaida ta wurin hali

Duk shekara ana samun sababbin malamai a sashen yara, kuma duk shekara idan aka zo darasin zama haske a gaban mutane sai in ga ana maimaita abin da aka yi bara. Malami ya karanta Matiyu 5:16, yara su haddace, a rera waƙa, a tashi. Ran Litinin yaron nan yana makaranta yana zagin abokinsa kamar yadda ya saba. Na gaji da tare malamai ɗaya bayan ɗaya a bakin ƙofa, shi ya sa na tattara maganar a wuri guda. Wasu kurakuran ƙanana ne. Biyu daga ciki kuwa sai kun yi haƙuri da ni, don zan daɗe a kansu.

Na farko mai sauƙin gyara ne: manyan kalmomi. Ka ce wa ɗan shekara shida ya zama gishirin duniya, zai ce "to, Malam", amma bai san abin da zai yi da hannunsa gobe ba. Ni nakan ɗauki 1 Timoti 4:12, inda Bulus ya lissafa wa Timoti fannoni 5 da zai zama gurbi a cikinsu, wato magana, hali, ƙauna, bangaskiya da tsarki. Fanni ɗaya nake riƙewa har tsawon wata, in mai da shi aiki guda da yaro zai iya yi. A watan magana, alal misali, aikin shi ne kada ya kira kowa da sunan tsokana, ko da kowa na kira.

Haka kuma masu cika darasi da "kada". Kada ka yi sata, kada ka yi ƙarya, kada ka yi faɗa. Yaron da bai yi komai ba ma ya cika wannan. Abubuwa 9 da ke Galatiyawa 5:22-23, irin su ƙauna, salama da haƙuri, halaye ne da ake gani a jikin mutum, ku koyar da su.

Yanzu ga wanda ke tafasa mini zuciya: allon taurari. Kun san shi. Kowace Lahadi yaro ya miƙe ya faɗi alherin da ya yi cikin mako, malama ta manna masa tauraro, wanda ya fi tara taurari a ƙarshen zango ya sami kyauta a gaban ikilisiya. A ido abin yana da kyau, iyaye ma suna so. Kwamitinmu ya taɓa kawo wannan tsarin, aka manna allon a kowane aji har da nawa, kuma na ɗanɗana kuɗata. Makonnin farko lafiya lau, wannan ya share ɗaki, wancan ya ara wa abokinsa fensir. Kafin a je ko'ina labarai suka fara kumbura. Yaron da jiya ya ɗauko wa kakarsa sanda, yau ya ceci jariri daga gaban mota. Wanda ya fi iya tsara zance shi ne kan gaba a allo. Ajin da aka buɗe don koyar da gaskiya ya zama wurin gasar ƙarya, muna kuma tafa wa gwanin.

Ba ƙaryar ce ta fi yi mini ciwo ba. Akwai wata yarinya mai shiru-shiru, mahaifiyarta na kwance ba lafiya, ita ke wanke ƙannenta ta shirya su ta riƙo hannunsu zuwa coci. Idan layi ya zo kanta sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, ban yi komai ba." A wurinta wannan ba alheri ba ne, aikin gida ne. Sunanta ya zauna a ƙasan allo ba tauraro ko ɗaya, sauran yara suna nuna ta. Daga baya ta daina shiga aji, takan kawo ƙannen ta tsaya a waje, daga nan kuma ta daina zuwa. Yarinyar da ta fi kowa a ajin yin abin da darasin ke cewa ita muka kora.

Abin takaici, amsar tana cikin wa'azin Yesu da muka ɗebo ayar Matiyu 5:16 daga ciki. Wanda ya ce haskenku ya haskaka a sura 5, shi ne a Matiyu 6:1-4 ya hana yin aikin adalci don mutane su gani, har ya ce kada hannun hagu ya san abin da na dama ke yi. Ayar haske ma ba ta ƙare da yabon mai aikin ba, da ɗaukaka Uba ta ƙare. Yaron da kuka saba masa da miƙewa yana lissafa kyawawan ayyukansa, kuna horar da shi ne ya yi addu'ar Bafarisiyen nan na Luka 18, mai azumi sau biyu a mako yana raina mai karɓar haraji. Kuma yara a makaranta sun fi manya saurin gane mai nuna kai. Ba wanda zai tambaye shi game da Yesu, gudunsa za su yi.

Abin da nake yi yanzu shi ne na juya tambayar. Ba na cewa wane alheri ka yi, sai in ce, "Wa ya yi maka alheri a makon nan?" Da wannan yaro yana koyon lura da godiya, ba kuma abin da zai ci idan ya ƙara gishiri. In na ga yaro ya yi abin kirki da idona, nakan kira shi gefe in gaya masa na gani, shi ke nan. Akwai malaman da ba su yarda da ni ba, suna cewa yara na bukatar ƙarfafawa. Ku ba da kyauta a kan haddar aya ko zuwa da wuri in kuna so, waɗannan ana iya aunawa. Alheri dai kada ku sa masa lada. Ku kuma kiyaye jerin da ke Afisawa 2:8-10, ceto ta wurin alheri ne ya zo da fari, kyawawan ayyuka suka biyo baya. Yaron da ya ɗauka yana sayen ƙaunar Allah ne da ladabi, an cuce shi.

Na biyu cikin biyun da na ce zan daɗe a kansu, malamai, ku ne. Malama ta zo a makare, ta daka wa yaro tsawa don ya zubar da ruwa, ta zauna tana latsa waya ana addu'a, sannan ta buɗe littafi ta koyar da haƙuri. A bakin ƙofa malamai biyu suna gulmar matar fasto, suna tsammani yaran da ke ɗaura takalmi kusa da su kurame ne. Ɗan dattijon ikilisiya shi ke riƙe kwanon baiko kowane mako, shi ke zama Yusufu a wasan Kirsimeti, ɗan gwauruwa kuwa kullum tunkiya yake zama. Ku je ku karanta Yakubu 2, inda aka hana nuna bambanci tsakanin mai kuɗi da talaka, kafin ku sake raba aiki. Gani ya kori ji, kuma yara sun fi ku kallo. A Yahaya 13 sai da Yesu ya tashi ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, sannan ya ce ya ba su gurbi. Mu mun fi son mu fara da jawabi, wankin ƙafar kuma a bar shi sai wani lokaci.

Mafi muni shi ne malamin da bai taɓa ba yaro haƙuri ba. Wai girmansa zai zube. To ka sani, abin da kake koya musu shi ne cewa zama gurbi yana nufin ba ka kuskure. Ranar da yaron ya yi faɗa a filin wasa, wani ya ce masa "kai da kake zuwa coci", zai ɗauka shaidarsa ta mutu, ko dai ya ɓoye laifin ko ya watsar da abin gaba ɗaya. Ni idan na yi wa yaro tsawa ba bisa ƙa'ida ba, a gaban ajin nake cewa, "Ɗana, ban kyauta maka ba, ka gafarta mini." Sannan nakan sa su gwada faɗin haka da bakinsu, biyu-biyu, har ya daina yi musu nauyi. Ina kuma koyar da labarin Bitrus gaba ɗaya, musun sanin Yesu da ya yi sau uku da maido shi da aka yi a Yahaya 21. Yaron da ya koma ya ce wa abokinsa "ni ne da laifi" ya yi abin da abokin bai saba gani ba, kuma irin wannan ne ke jawo tambaya.

Idan tambayar ta zo kuwa, kada a same shi bebe. Wasu malamai sun ɗauka shaida ta hali na nufin a rufe baki har abada. Yarinyar nan da aka kamo daga Isra'ila tana yi wa matar Na'aman hidima a 2 Sarakuna 5, magana ɗaya ta yi game da annabin da ke Samariya, ita ce ta ɗaga Na'aman, jarumin Suriya, zuwa Kogin Urdun inda ya warke daga kuturta. Ku taimaki kowane yaro ya sami amsa gajera da kalmominsa. Sai dai 1 Bitrus 3:15-16 ya haɗa amsar da tawali'u da ladabi. Malamin da ke tura yara su je su yi gardama, ko su kushe addinin abokansu, ya bar aikin da aka ba shi. Yaro ya faɗi abin da ya gaskata in an tambaye shi, ya ci gaba da wasa da abokinsa ko ya yarda ko bai yarda ba.

Iyaye kuma kada a bar su a baya. Mako yana da awa 168, ajinku bai wuce ɗaya ko biyu ba. Ko Robert Raikes da ya buɗe makarantar Lahadi a Ingila a 1780 don yaran da ke aiki kwana shida a masana'antu, safe da yamma ake riƙe su, mu ba mu da wannan lokacin. Bangaskiyar Timoti ma wurin kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki Bulus ya danganta ta. Nakan aika wa iyaye aikin watan a ɗan saƙo, layi biyu, don su san abin da za su lura da shi a gida.

Sauran a taƙaice. Kada ku auna ɗan shekara biyar da ma'aunin ɗan shekara goma sha biyu. Kada ku ce wa yaro "dubi wance" a gaban aji, kun haɗa su gaba ke nan. Sannan ku bayyana musu sarai cewa kirki ba ya nufin bin kowane babba zuwa ko'ina, ko yin shiru idan wani yana cutar da su. Yaron da ake ƙwace wa kaya a makaranta, ko wani babba ke taɓa shi yadda bai dace ba, ya gaya wa iyayensa ko malaminsa a ranar, kuma ku faɗa masa da bakinku cewa yin haka ba rashin gafara ba ne.