Kafin ka ɗauki firintar ofis zuwa wajen mai gyara, duba waɗannan

Na daɗe ina gyaran firinta nan wajen Ƙofar Ƙaura, kuma wallahi abin da ke ba ni tausayi shi ne a ɗoro ta bisa mashin tun daga Batagarawa, ta sha gargada, in buɗe in tarar ƙura ce kawai. To ga yadda za ka gano ciwon da kanka.

Fara da raba ta da kwamfuta. Zare wayar USB ka sa firintar ta fiddo shafin gwaji daga jikinta, in ya fito fes to lafiyarta lau, matsalar na ga waya ko kwamfuta.

In kuma tana gurnani amma ba ta jan takarda, duba robar nan da ke saman tire. Lokacin hunturu ƙurarmu ta Katsina sai ta lulluɓe ta ta koma santsi. Kashe firintar, sami tsumma mai tsabta ka ɗan jiƙa da ruwa ka goge, ka bari ta bushe. In ta suɗe kamar tsohuwar tayar Keke Napep sai canji, kuma ba ta da tsada. In tana kwasar biyu uku a tare, ko dai ƴar robar ƙasa mai raba takardu ta cinye ko takardar ta sha sanyi, musamman cikin Agusta, shi ya sa nake cewa a daina aje rim a ƙasan siminti, kuma a kaɗa shi kafin a zuba.

Takarda ta maƙale? Dan Allah malam kar ka fizga, kar ka sa wuƙa ko sukundireba. Fidda katirij, wato mazubin garin tawada, tukuna, ka ja da hannu biyu a hankali ta hanyar da take bi. Wani lokaci ka cire komai amma tana ta cewa akwai takarda, masu allo na HP su nuna maka 13, to akwai wani ɗan harshen roba mai lilo da takarda ke turewa in za ta wuce, ko ya maƙale ko guntun takarda ya danne shi.

Yanzu ga inda na fi so a natsu, don ita takardar da ta fito da kanta take faɗa maka mi ke ciwo. Rubutu ya dishe ko farin layi ya ratsa daga sama har ƙasa, tona ce, wato garin tawadar, ta yi ƙasa, jijjiga katirij hagu da dama za ta kai ka kwana biyu. Baƙin layi mai tsawo, duram, wato sandar cikin katirij mai ɗora tona kan takarda, ya karce ko reza mai share shi ta gaji. In ɗigo ne ke maimaita kansa, ɗauko rula ka auna tsakani, a ƙananan HP masu katirij 12A ko 85A in ka sami wajen milimita 75 duram ne, don zagayensa ke nan. Kar ka taɓa shi da yatsa, kar ka bar shi cikin haske, na sha ganin an aje katirij bakin taga ana ta hira.

In kana kokwanto tsakanin katirij da hita, wato sashen da ke gasa takarda kafin ta fito, ga dabara: tura aiki, takarda ta kai rabi sai ka ɗaga murfi firintar ta tsaya. Cire katirij ka duba ɓangaren da bai shiga hita ba. In rubutun tsaf yake a nan amma wanda ya wuce ya lalace, hita ce. In tun nan ya ɓaci, katirij ne, ka huta da kashe kuɗi a inda ba ciwo.

Ita hitar zafinta na kai wajen digiri 200, ita ke narka tona ta manne, don haka ka ba ta lokaci ta huce kafin ka kai hannu. In ka murza rubutu da yatsa ya goge, ba ta yin zafi sosai ko ledarta ta yage, kuma abin da ya fi yaga ta shi ne tsohuwar takarda mai fil ɗin sitafula da ake maidawa don tattali. In firintar ta nuna 50, lambar matsalar hita ke nan, kashe ta kamar minti 20, ka jona ta kai tsaye a soket ɗin bango, ba UPS ba, ba doguwar waya da ke ɗauke da fanka da firij ba, don wuta take ja sosai in za ta yi zafi, ƙaramin janareta ma sau da yawa ba ya iyawa. In 50 ɗin ta dawo bayan haka, wannan kam kawo ta.

Masu yin ɗurin tona kuma, ku riƙa zubar da tsohuwar da ta taru a aljihun shara na katirij, in ya cika ita ce ke zubowa ta baƙanta takarda. In ta zubar maka a riga kakkaɓe ka wanke da ruwan sanyi, na zafi kama ta zai yi da yadin.