Masu asma, kurakuran da muke yi da shuɗin inhela

Hunturu na shigowa ƙura ta tashi, za ka ga mai asma ya kusa ƙarar da Ventolin ɗinsa, wato shuɗin inhelar nan, tun wata bai yi nisa ba, in ka yi magana ya ce ai yana min aiki. E yana aiki mana, amma babban kuskuren a nan yake.

Salbutamol ɗin da ke cikin shuɗin nan sassauta naman da ya shaƙe hanyoyin iska yake yi, cikin minti 5 ka ji ƙirji ya buɗe, ya riƙe ka awa 4 zuwa 6. Yana da wani aikin kuma, a huhu akwai ƙwayoyin da likitoci ke kira mast, su ne in ƙurar ɗaki ko gashin mage ya shiga sai su zubo histamin, hanya ta matse, majina ta taru, to maganin yana lallashinsu su rage zubarwa. Sai dai in kullum fesawa kake safe da yamma sabawa suke yi su daina jin magana, kumburin da ke ciki kuwa ko taɓa shi bai yi ba. Shi ya sa tun 2019 GINA, hukumar da ke fitar da ƙa'idojin maganin asma a duniya, ta ce babba kada ya dogara da shuɗin kaɗai. In kana ƙarar da gwangwani 3 a shekara, kowanne fesa 200 ne fa, koma wurin likita ya haɗa maka da mai hana kumburi irin su beclometasone, shi kullum ake shaƙa ko kana lafiya lau, ka kuskure baki bayan nan.

Sai yadda ake fesawar. Wani ba girgizawa, ya danna sau biyu a jere kamar mai fesa turare, duk ya tsaya a harshe. Girgiza, fitar da numfashi, danna ɗaya kana ja a hankali, riƙe kamar daƙiƙa 10, sannan na biyu. Yara kuma da sifesa ake ba su, wato bututun da ake sawa tsakanin inhela da baki, in babu, robar ruwa ta 500ml da aka huda ƙasanta tana yi, an gwada a Afirka ta Kudu.

Rawar hannu da bugun zuciya bayan an shaƙa ba aljanu ba ne, yana wucewa. Amma wanda ya ci gyaɗa ko zuma ta harbe shi, leɓe ya kumbura numfashi na sarƙewa, kar a tsaya fesa-fesa, allurar adrenalin yake buƙata, a yi asibiti da shi nan take.